Gidan Modibbo Daga Sama

Malam Sabitu Ɗanlarai ya shekara goma sha tara yana koyar da Fiziks a wata makarantar 'yan mata ta jeka-ka-dawo da ke bakin tsohon garin Bauchi. A duk tsawon shekarun nan, kayan aikinsa na nuna yadda wata ke zagaya duniya ba su wuce uku ba: ƙwallon roba, tocila, da lemon zaƙi guda ɗaya. In an gama darasi sai ya ɓare lemon ya raba wa waɗanda suka amsa tambaya. Gajeren mutum ne mai sanyin murya, aljihun kaftaninsa kullum fari fat da alli, kuma a ƙasa yake zuwa aiki daga Ƙofar Ran, inda aka haife shi, inda har yau yake zaune a sashen da mahaifinsa ya gina.

Mahaifin nasa, Ɗanlarai, magini ne. Rabin sorayen unguwar aikin hannunsa ne, ko na yaransa. Ya so autan nasa ya gaji sana'ar kamar yayyensa, amma tun ranar farko aka gane ba za ta yiwu ba. Sabitu na da shekara tara aka ce ya hau tsani ya miƙa tubali. Da ya kai mataki na biyar sai jiri ya kwashe shi, ya rungume tsanin ya runtse ido, sai da aka hau aka sauko da shi kamar buhu. Ɗanlarai ya dube shi ya girgiza kai ya ce, "Wannan a kai shi boko, ƙasa ce ke son shi." Haka Sabitu ya shiga makaranta, haka kuma ya girma a unguwar da bai taɓa ganinta daga kan ko da katanga ɗaya ba. Amma fa sama ta shiga ransa. Ya san sunayen taurari na Hausa da na littafi, ya san ranar da za a yi husufi tun kafin a faɗa a rediyo. Abokan aikinsa suna kiransa Sarkin Sama, su ƙara da cewa sarkin da ba ya iya hawa kujera ya canza ƙwan fitila.

Shekaru biyar da suka wuce aka shirya wa malaman kimiyya wani horo na mako biyu a Abuja. Ba shi aka fara zaɓa ba. Wanda aka zaɓa ya faɗi da babur ya karye, shi ne aka ce Malam Sabitu ya je. Ya dawo da wani kwali da bai yarda a sa a bayan mota ba, a cinyarsa ya riƙo shi har Bauchi. A cikin kwalin akwai kayan haɗa ɗan ƙaramin tauraron ɗan'adam wanda gaba ɗayansa ke shiga cikin gwangwanin lemo.

Ba ya zuwa sararin samaniya, kuma Malam Sabitu bai taɓa ɓoye wa ɗalibansa hakan ba. Babbar balan-balan ce ake ɗaure wa zare mai tsawo, ta ɗaga shi sama kamar mita ɗari biyu. Daga ƙasa a danna maɓalli ya saku, ya sauko a hankali ƙarƙashin 'yar lema. A cikin minti ɗaya da wani abu da zai yi yana saukowa, yana yin duk abin da babban tauraro ke yi: ya auna zafi, ya auna matsin iska, ya san nisansa da ƙasa, ya aiko da lambobin ta rediyo zuwa kwamfuta. A gindinsa kuma akwai kyamara da ba ta kai girman ƙwayar gyaɗa ba, tana ɗaukar hoto duk bayan daƙiƙa biyu tana adanawa.

'Yan mata goma sha ɗaya suka ba da sunansu. A cikinsu akwai Habibatu, 'yar ajin ƙarshe, jikar Modibbo Abdulsalami na Ƙofar Ran, wadda ta tashi a hannun kakanninta tun rasuwar mahaifinta. Ba ta da yawan magana sai an zo kan lissafi, nan kam ba ta ragawa kowa. Ita ta gano cewa lemar da aka sako a kwalin ta yi ƙanƙanta da nauyin gwangwanin bayan sun ƙara batir.

"Malam, in muka sake shi da wannan, faɗowa zai yi, ba saukowa ba."

"Mutanen da suka haɗa kayan nan injiniyoyi ne fa, Habibatu."

"To ai ba su san mun ƙara batir ba, Malam."

Ya sake lissafin sau biyu a kan allo, ya ajiye alli ya ce ta fi shi gaskiya. Ta samo tsohuwar lemar ruwan sama, ta farke yadin, ta yanka, ta ɗinka sabuwa da hannu.

Ran wata Asabar da safe, bayan ɗaukewar damina, suka ɗaga shi a filin makaranta. Komai ya tafi daidai sai abu ɗaya. Iskar sama ba irin ta ƙasa ba ce. Da gwangwanin ya saku, maimakon ya sauko cikin fili, sai ya karkata ya bi ta saman katangar makaranta ya nufi cikin gari, yana lilo a hankali. 'Yan matan suna ihu suna tsalle, Habibatu kaɗai ke durƙushe gaban kwamfuta tana karanto lambobi da ƙarfi. A kan wata bishiyar darbejiya kusa da wani masallaci a Ƙofar Ran aka same shi, maigadin makaranta ya zaƙulo shi da doguwar gora. Ko kwarzane bai yi ba.

Lambobin ya ba wa ɗalibai su yi aiki a kai. Hotunan kuwa ya riƙe, ya ce sai ranar baje kolin kimiyya da za a yi bayan mako biyu, a gaban iyaye da baƙi, kowa ya gani lokaci guda. Yana so ya ga fuskokinsu.

Shi kansa ya kalle su ya fi sau ashirin. Ga ragowar ganuwa ta miƙe kamar tsohon tabo, ga duwatsun da suka kewaye gari, ga lunguna sun sarƙe kamar jijiyoyin ganye. Mutumin da bai taɓa wuce mataki na biyar ba, yau ga garinsu shimfiɗe a gabansa. Ya nuna wa Malama Mary, mai koyar da labarin ƙasa, guda uku a wayarsa a ɗakin malamai.

"Kai, Sarkin Sama, ka yi abin kirki," in ji ta. "Amma na ƙasa-ƙasa fa? Wanda ya ɗauka da ya kusa sauka?"

"Su ne ma suka fi fita. Akwai ɗaya, har tukwane za ki iya ƙirgawa."

"Tukwanen wa?"

"Oho. Wani gida ne dai."

"Malam Sabitu, gidajen mutane ne fa."

"Malama, daga sama duk gida gida ne. Wa zai gane?"

Aka buga ƙararrawa, kowa ya ɗauki littafinsa.

Ranar baje kolin, an rufe tagogin ɗakin taro da zannuwa don majigi ya fito sosai. Ɗakin ya cika: ɗalibai a ƙasa, iyaye a kan benci, manyan baƙi a gaba. Habibatu ce mai bayani. Tana tsaye gefen farin bango da sanda a hannu, fuskarta na kallon jama'a, tana faɗin nisan tauraron daga takardarta, Malam Sabitu kuma yana canza hoto daga kwamfuta. Mita ɗari da casa'in, sai ga gari gaba ɗaya, ɗakin ya ɗauki tafi. Mita ɗari da ashirin, wani dattijo ya miƙe yana nuna bakin kasuwa inda shagonsa yake, aka yi dariya. Mita sittin. Mita arba'in.

"A nan kuma," in ji Habibatu, "tauraron yana mita goma sha takwas daga ƙasa."

Malam Sabitu ya danna hoton da ya ajiye don ƙarshe, wanda ya fi alfahari da shi.

Tsakar gida ce. Ɗakuna uku a jere, biyu rufinsu ya rufta, azara a tsaye kamar haƙarƙari, ciyawa ta tsiro a ciki. Na ukun an lulluɓe shi da shuɗin tamfal an danne da duwatsu. A inuwar katanga wata tsohuwa na kwance kan tabarma, kanta ba ɗankwali, hannu ɗaya a lanƙwashe bisa ƙirji. Kusa da ita wani tsoho ne tsugune gaban baho, daga shi sai singileti da wando, ya ɗaga kai yana kallon abin da ke wucewa ta samansa. Farin gemunsa ya fito tar. A hannunsa zanen mace ne yana ɗigar ruwa.

Sai wata 'yar aji ɗaya ta ce da ƙarfi, ba da wata mugunta ba, "Lah! Modibbo ne! Wallahi Modibbo ne yake wanki!"

Ƙananan suka fashe da dariya. Manyan suka shiga salati suna tsawata musu. A baya wasu sun riga sun ɗaga wayoyi. Sai a lokacin Habibatu ta juya ta dubi bangon. Ta ajiye sandar a kan tebur, ta ɗora takardarta a kai, ta gyara hijabinta, ta bi ta tsakiyar mutane ta fita. Malam Sabitu yana ta danne-danne, hoton ya ƙi tafiya. Malama Mary ce ta taso ta fizge wayar majigin daga bango.

Shekara arba'in da wani abu Malam Sabitu yana wucewa ta ƙofar gidan nan. A zauren ya yi karatun allo, a gaban wannan tsohon ya sauke izu goma kafin boko ta ɗauke shi. Zauren da ake shafa wa farar ƙasa duk shekara, inda alƙalai da 'yan kasuwa ke cire takalmi su durƙusa. Kowa ya san Goggo A'i, matar Modibbo, ba ta jin daɗi, amma iyakar abin da aka sani ke nan. Ba wanda ya san ɓarin jikinta ya shanye shekara biyu, ba wanda ya san abin da damina ta yi wa ɗakunan, don ba wanda ke wuce zaure, mata masu zuwa dubiya ma a ɗakin shigifa ake karɓarsu a ce tana barci. Kafin la'asar hoton ya zaga wayoyin unguwa.

Da shugabar makaranta ta kira shi ofis, ta tambaye shi yadda aka yi, sai ya ji bakinsa yana cewa kuskure ne, hoton ya shigo cikin sauran bai lura ba. Malama Mary na zaune a wurin. Ta dube shi, ta dubi ƙasa.

Ran Litinin Habibatu ba ta zo ba. Talata ma haka. Saura wata biyar a fara jarrabawar fita, kuma a makarantar kaf ba wadda ake sa wa rai kamarta. Malam Sabitu ya san abin da ya kamata ya yi, ya san ƙofar da zai je, taku ɗari uku ne daga gidansa. Sai ya koma bin hanyar bayan makabarta, wadda ta fi nisa. Ya daina sallar magariba a masallacin lungunsu. A rana ta shida ya roƙi Malama Mary ta je, tunda ita mace ce. Ta je ta dawo ta same shi a ɗakin gwaje-gwaje.

"Ta ce a gaishe ka. Ta ce ta gama makaranta."

"Modibbo ne ya hana ta?"

"Ban ga alama ba. Na same ta tana wanki." Ta ɗauki jakarta. "Ni ba zan sake zuwa ba, Malam Sabitu. Ba ni na danna ba."

Mahaifiyarsa, Inna Yelwa, ta haura tamanin, ba ta fita, amma ba abin da ke faruwa a Ƙofar Ran bai iso tabarmarta ba. Kwana goma tana amsa gaisuwarsa a taƙaice. A na sha ɗaya, da ya durƙusa da safe, ta ce ya zauna.

"Auta, ubanka shekara nawa yana hawa katangar mutane?"

"Ya fi hamsin, Inna."

"Ka taɓa jin an ce ya ga matar wani?"

Ya girgiza kai.

"Kafin ya sa ƙafa a tsani sai ya tsaya ya ɗaga murya sau uku. Gafaranku dai, za a hau bisa! Sau uku. Ya jira mata su kimtsa, mai wanka ta gama, mai abin ɓoyewa ta ɓoye. In ya hau kuma, idonsa na kan tubalinsa. Mutumin nan ya san cikin kowane gida a unguwar nan, ya san wanda ke ɗora tukunya da wanda ba ya ɗorawa, har ya koma ga Allah ko ni bai taɓa faɗa wa ba. Kai da ko tsanin ba ka iya hawa, ka aika gwangwani ya hau maka, ba sallama ba gafara. Ka kuma tara gari ka nuna musu."

"Inna, ban gane gidan ba ne."

"Da gidan wani ne da ba ka sani ba, ya halatta ke nan?"

Ta jawo carbinta.

"Tashi ka ba ni wuri. Kar ka sake gaishe ni sai ka gaishe shi."

Bayan la'asar ya je. A ƙofar gidan ya tarar da bandir biyu na kwano jingine da bango da buhunan siminti, ba a taɓa su ba. Modibbo na zaune a buzunsa cikin farar riga da rawani, littafi buɗe a gabansa, kamar kullum. Malam Sabitu ya cire takalmi tun daga waje, ya durƙusa nesa, ya yi gaisuwa. Maganar da ya shirya kwana goma sha ɗaya ta gudu.

"Sabitu ne? Matso mana. Ka yi wuyar gani. Na ce ko hanyar ce ta ƙaura."

"Allah ya gafarta Malam, na zo ne… na yi laifi. Na yi babban laifi."

"Ka yi," in ji Modibbo, ba tare da ɗaga murya ba. "Ka ga kayan da ke waje? Tun ranar ake kawowa. Wanda na yi wa raɗin suna, wanda na ɗaura wa aure, kowa ya zo da abinsa, ya durƙusa, ya kasa kallon idona. Jiya wani ya aiko mini da mace mai wanki, wai ya biya ta wata uku." Ya ɗan murmusa. "Yana tare da kai? Hoton. Kowa ya gani sai mai gidan."

Malam Sabitu ya fito da waya, ya miƙa da hannu biyu. Modibbo ya gyara tabarau ya daɗe yana kallo.

"Na gan shi ranar. Na ɗauka leda ce iska ta ɗauko. Ashe kallona yake." Ya matso da wayar kusa da fuskarsa. "Ashe haka ta rame. Kullum ina tare da ita, ban gani ba." Ya miƙo wayar. "Wankin nan ni na hana yarinyar. Na ce ita karatu, ni wanki, tunda bayan sallar asuba ba abin da nake yi. Matar da ta yi min wanki shekara hamsin da ɗaya, don na yi mata biyu ba a yi komai ba. Yanzu yarinyar ta ƙwace bahon ta ce ba zan ƙara taɓawa ba. Na yi faɗa, na yi lallashi. Ban hana ta makaranta ba, Sabitu. Ga ta nan, ka gwada."

Ya ɗaga murya ya kira ta. Ta zo ta durƙusa a bakin ƙofar ciki, hannayenta jiƙe, ta gaida malaminta cikakkiyar gaisuwa, har da tambayar mutanen gida. Ya fara magana kan jarrabawa, kan wata biyar, kan cewa shugaba ta tara ɗalibai ta gargaɗe su, ba wadda za ta ce mata komai. Ta bari ya gama.

"Malam, in yi tambaya?"

"Yi."

"An ce kuskure ne, hoton ya shigo ba ku lura ba. Amma takardar da kuka ba ni, mita goma sha takwas na ciki. Da hannunku kuka rubuta, kuka ja layi biyu a ƙarƙashi."

Zauren ya yi masa ƙanƙanta. Modibbo ya mai da ido kan littafinsa.

"Ba kuskure ba ne," in ji Malam Sabitu. "Na gan shi. Ni na zaɓe shi. Na faɗa wa shugaba abin da ba haka ba."

"Kun ga mutane a ciki?"

"Na gani."

"To me kuka gani, Malam?"

Ya so ya ce wani abu mai sauƙi, bai samu ba. "Na ga kyamarar ta yi kyau," in ji shi. "Na ga har gemu ana iya gani daga mita goma sha takwas. Abin da na gani ke nan."

Ta gyaɗa kai a hankali, kamar yadda take yi in lissafi ya fito.

"Na gode da kuka faɗa. Ba zan iya komawa ɗakin nan ba, Malam. Ko ba su ce komai ba."

Ta tashi ta shiga ciki. Da Malam Sabitu zai tafi, Modibbo ya ce masa, "Ka koma bin hanyarka ta da, ka riƙa tsayawa muna gaisawa. In aka ga ka daina, za a ce na riƙe ka."

Washegari ya je ofishin shugaba ya gyara maganarsa. Ta rubuta masa takardar gargaɗi, ya sa hannu. Wannan bai dawo da kowa aji ba.

Abin da ya warware maganar daga Tirwun ya zo, can gefen gari. Modibbo na da 'ya a can, Rabi'atu, tana aure. Shekara biyu tana roƙon a ba ta mahaifiyarta ta yi jinya, yana cewa a'a, in ta zo dubiya kuma a kimtsa komai a ce ana nan ana gyara. Ita ma a waya ta ga hoton, wata maƙwabciya ce ta nuna mata. Ta zo ta zauna a zauren kwana biyu tana kuka tana rantsuwa, ta ce ba za ta koma ba sai da uwarta. Habibatu kuma ta ce inda Goggo ta tafi nan za ta, kuma in akwai mai taya ta jinya za ta shiga makarantar can. A kan wannan Modibbo ya sakko. Ya ce in dai yarinyar za ta zauna jarrabawa, a tafi da su. Shi ba zai bar zauren ba, akwai masu ɗaukar karatu.

Malam Sabitu ne malamin ajinta, don haka shi ya rubuta takardar shaidar da za ta kai sabuwar makaranta. Ya yaga uku kafin ya gama. A ta huɗun ya rubuta makinta, ya rubuta cewa ita ta gano kuskuren lemar ta ɗinka wata, ya rubuta cewa barinta makarantar ba laifinta ba ne, laifin malaminta ne, ya sa sunansa.

Ran Alhamis da safe ya kawo takardar. Keke-napep biyu na tsaye a ƙofar gidan. An fito da Goggo A'i a lulluɓe, Rabi'atu da Habibatu na tallafe da ita, aka kwantar da ita a kujerar baya kanta a cinyar 'yarta. Modibbo ya sunkuya ya gyara mata mayafi a ƙafa, ya faɗa mata wata magana da Fulatanci, ƙasa-ƙasa. Bakinta ya motsa, ba a ji abin da ta ce ba. Habibatu ta karɓi ambulan da hannu biyu ta ɗan rusuna.

"Allah ya saka da alheri, Malam."

"Ki riƙe lissafin nan, Habibatu."

"In sha Allahu."

Kekunan suka bi lungu suka ɓace a kwana. Wani maƙwabci da ke tsaye ya dafa kafaɗar Malam Sabitu ya ce ai abin ya zama alheri, ga tsohuwa za ta samu kulawa, ga gida za a gyara, ya kamata ma a gode masa. Malam Sabitu kuwa yana kallon Modibbo, wanda ke tsaye a tsakiyar lungu, hannayensa a baya, yana duban inda kekunan suka bi.

Habibatu ta zauna jarrabawarta a Tirwun, ta ci, yanzu tana jami'a tana karanta injiniyanci. Goggo A'i ta rasu a can bayan wata bakwai, ran wata Talata da hantsi. Modibbo yana zaure yana ba da karatu aka zo aka faɗa masa.

Malam Sabitu yana nan yana koyarwa, kuma duk shekara 'yan mata na haɗa gwangwaninsu, sai dai yanzu a wata gona da ke bayan ƙauyen Miri ake ɗaga shi, bayan an girbe dawa, da izinin mai gonar. Mutanen unguwa sun daɗe da daina zancen. Shi ne dai har yau, in Modibbo ya riƙe hannunsa a gaisuwa ya tambaye shi aiki da yara, ba ya iya ɗaga kai ya wuce gemun tsohon.